Zoben Mai Shayarwa: Lokaci Ya Yi da Zai Iso Kebbi

A ƙasar Hausa ba a yi wa kowa fassarar kalmar kwanika. Wasu su ce rurrutsa, wasu su ce gwarne, amma abin guda ne: goyo a baya, wani kuma a ciki, tun na farkon bai fara tatata ba. Daga Ambursa zuwa Gulma, daga Kalgo zuwa Augie, duk wanda ya tashi a babban gida ya san yadda lamarin ke tafiya. Mai jego ta ji jikinta ya sauya, ta yi shiru na ɗan lokaci, daga baya tsofaffin gida su gane. Nan take a ce nono ya ɓaci, a cire yaro dare ɗaya, a kai shi wajen kaka. Yaron da bai san komai ba sai nonon uwa ya koma kan koko da ruwan randa, gudawa ta kama shi, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu su kumbura, a ce tamowa ce. Ita kuma uwar, wadda jinin da ta zubar a haihuwar baya bai gama dawowa ba, ta sake shiga wata tara na laulayi tana daka, tana jan ruwa, tana gumin shinkafa. Akwai wata hanyar tazarar haihuwa da aka ƙera musamman saboda wannan tsakani na shayarwa, wato zoben roba mai laushi da mace ke sa wa kanta a gabanta. Ra'ayina shi ne ya kamata hukumomin lafiya na Jihar Kebbi su nemo wannan zobe, su gwada shi a Birnin Kebbi da Argungu, su ƙara shi cikin zaɓin da ake ba mata, tare da faɗa musu gaskiyar amfaninsa da aibinsa.

Dalilin da ya sa Kebbi ta cancanci zama kan gaba yana cikin alƙaluma masu ɗaga hankali. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa a Kebbi, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 252 ba sa kai shekara biyar. Wannan shi ne adadi mafi muni a duk jihohin ƙasar nan a lokacin, alhali matsakaicin ƙasa 132 ne. Haihuwar da ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa a jihar ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. Matan aure masu amfani da hanyar tazara ta zamani ba su kai biyar cikin ɗari ba, yayin da a ƙasa baki ɗaya suka kai 12. Babu mai cewa kwanika kaɗai ke kashe yara. Zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ƙyanda, da rashin abinci mai gina jiki duk suna da nasu kason. Sai dai binciken ya nuna cewa yaron da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan wansa ko yayarsa, haɗarin mutuwarsa kafin shekara biyar ya ninka na wanda aka samu tazarar shekara huɗu kafin haihuwarsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta nemi wani ciki. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin zuwan asibiti, don haka suke tafiya wankan gida, suke nesanta mai jego da turaka har goyo ya yi ƙwari. Yau zaman gidajen haya da sauyin zamani sun raunana wancan tsari, ba a kuma maye gurbinsa da wani abu mai ƙarfi ba.

Kafin a ci gaba, ya kamata a san cewa zoben ba iri ɗaya ba ne, domin rashin bambance su na iya jawo ɓarna. Dukkansu roba ce mai lanƙwasuwa, faɗinta bai kai santimita shida ba, kamar awarwaron ƙaramar yarinya. Mace ta wanke hannu, ta tsuguna ko ta kwanta, ta matse zoben tsakanin babban yatsa da manuni har ya zama siriri, ta tura shi cikin farji, sai ya buɗe ya zauna da kansa. Daga nan yana sakin sinadarin homon kaɗan-kaɗan dare da rana, jiki yana tsotsa. Na farko shi ne NuvaRing, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Yana ɗauke da sinadari biyu, ana barinsa mako uku a ciki, a cire na mako ɗaya don al'ada ta zo, sannan a sa sabo. Na biyu shi ne Annovera, da aka amince da shi a Amurka a 2018. Shi ma sinadari biyu ne, amma zobe guda yana yin shekara, ana cirewa a wanke a mayar kowane wata. Na uku shi ne zoben furojestaron, mai sinadari ɗaya tak, wanda ake sawa a bar shi wata uku cur kafin a sauya, kuma don mai shayarwa kaɗai aka yi shi.

Waɗancan biyun na farko suna da amfani ga wasu mata, amma ba su ne maganin kwanika ba. Suna ɗauke da sinadarin estorojin, wanda ke iya rage ruwan nono, kuma yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman a makonnin farko bayan haihuwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana mai shayarwa amfani da irinsu kafin mako shida, kuma ba ta ƙarfafa shi ba har sai jariri ya kai wata shida. Haka kuma ba su dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata. A jihar da mata da yawa ba su taɓa auna jininsu ba, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Ga kuma matsalar ajiya: NuvaRing yana buƙatar firiji a kantin magani, kuma bayan an saya ba a son ya zauna a zafin da ya haura digiri 30. Duk wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga kuma ɗaukewar wuta, ya san wannan zobe ba zai yi nisa da manyan asibitoci ba. Saboda haka maganar da nake yi ta karkata ne ga na ukun.

Zoben furojestaron ba sabon abu ba ne da za a ce ana son gwada shi a kanmu. Cibiyar bincike ta Population Council ce ta ƙirƙiro shi tare da masana na ƙasar Chile, aka yi masa rajista a can a 1998, daga baya ya bazu a wasu ƙasashen Latin Amurka. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna. Sinadarin da ke cikinsa irin wanda jikin mace ke samarwa ne da kansa, wanda ke yawaita lokacin da take da ciki. Zoben yana sakin kimanin miligiram 10 a rana, kuma aikinsa shi ne ƙarfafa abin da shayarwa ta riga ta fara: tsotson jariri yana danne fitar ƙwan mace, zoben ya ƙara dannewa, ya kuma kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce cikin sauƙi ba. Ana fara shi daga mako huɗu bayan haihuwa, a ci gaba har jariri ya shekara, da sharaɗin uwa tana ba da nono aƙalla sau huɗu a rana. A babban gwajin da aka yi a ƙasashe da dama, inda aka kwatanta shi da robar mahaifa mai jan ƙarfe, ƙasa da mata biyu cikin ɗari ne suka ɗauki ciki a shekara, kuma girman jariran bai bambanta ba tsakanin ɓangarorin biyu. An kuma yi nazarin karɓuwarsa a Najeriya da Kenya da Senegal, inda akasarin matan da suka gwada suka ce sawa da cirewa ba su ba su wahala ba.

Abin da ya sa nake ganin zoben ya dace da matan bakin gulbin Rima shi ne yadda ya hau kan ɗabi'ar da suke da ita tun asali. Macen Kebbi tana shayarwa da daɗewa, sau da yawa har wajen shekara biyu, kuma goyonta na bayanta ko tana gida ko tana fadama, don haka sharaɗin nono sau huɗu a rana ba wani nauyi ba ne a kanta. Matsalar ita ce shayarwa kaɗai ba ta tsare ciki sai an cika sharuɗɗa uku: jariri bai wuce wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha. A gidajenmu kuwa tun kafin suna ake ɗura wa jariri ruwa da jiƙo, don haka kariyar takan warware da wuri ba tare da uwa ta sani ba, tunda ƙwai na iya fita kafin a ga jinin farko. Wannan giɓin ne zoben ke toshewa. Sannan akwai batun iko. Ashanar hannu da robar mahaifa suna da ƙarfi ƙwarai, amma sai ma'aikaci ya saka, sai ma'aikaci ya cire, kuma mace da yawa na jin tsoron abin da ba za ta iya fitarwa da kanta ba ranar da ta ga dama. Wata kuma kunya ce ke hana ta, musamman idan namiji ne kaɗai a asibitin ƙauyensu. Ƙwaya tana son tuni kullum. Zobe kuwa da zarar an koya wa mace sau ɗaya, sauran yana hannunta, ko da damina ta yi nisa, gulbi ya cika, hanyar Argungu ta yanke.

Ƙorafi na farko da za a ɗaga shi ne na addini, kuma ya cancanci amsa cikin girmamawa, domin ƙasar Gwandu ƙasar ilimi ce tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Malamai sun daɗe da bambance ƙayyade iyali da tazarar haihuwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar iyakance yawan 'ya'ya ba, bai kuma halatta a kashe haihuwa gaba ɗaya ba sai da larura, amma ya halatta ma'aurata su jinkirta ciki na ɗan lokaci bisa shawara da yardar juna, matuƙar hanyar ba ta cutarwa kuma ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga. Hadisai ingantattu sun nuna sahabbai suna yin azalu a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. Zoben mai shayarwa ya shiga cikin wannan da'ira sarai: na ɗan lokaci ne, ba ya zubar da ciki, ba ya ma aiki sai uwa tana ba da nono. Wanda ke son zuri'a mai yawa shi ya fi kowa buƙatar 'ya'yansa su rayu, matarsa kuma ta kai ga haihuwa ta gaba da ƙarfinta.

Ƙorafi na biyu shi ne zargi, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma tsoron da ya haifar yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Amma darasin da aka koya daga wancan rikici shi ne zargi yana mutuwa ne idan shugabannin da jama'a suka yarda da su suka bincika da kansu, suka yi magana da bakinsu. A nan Kebbi ta yi sa'a, domin Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, kwamitin da ya taka babbar rawa wajen kawar da shan inna. Irin wannan hanya ce za a bi da zobe. Tambayoyin da mata za su yi kuwa suna da amsa mai sauƙi. Zoben ba ya iya ɓacewa a jiki ko ya haura ciki, saboda bakin mahaifa a rufe yake, ƙofarsa ba ta isa ya wuce ba. Ba ya narkewa. Ba ya hana haihuwa daga baya, domin da an cire shi sinadarin ke barin jiki cikin ɗan lokaci kaɗan, ba kamar allurar wata uku ba wadda kan ja wasu watanni kafin ciki ya sake shiga.

Ƙorafi na uku ya fi sauran nauyi a wurina, domin ya shafi rayuwar yau da kullum, kuma ɓoye shi cin amana ne. Zoben yakan zamo ya fito, musamman wajen tsuguno a bayan gida ko yunƙurin ɗaukar kaya mai nauyi. Idan ya faɗi a wuri mai tsabta, a wanke shi da ruwa mai kyau a mayar, kuma ba a son ya wuce awa biyu a waje. Idan ya faɗa masai, sai a nemi sabo. Wasu matan suna ganin ƙarin farin ruwa, wasu ɗigon jini jefi-jefi, abin da ke da muhimmanci ga mace mai lissafin tsarki saboda salla da azumi, don haka dole malamai mata na Islamiyya su san da batun, su iya ba da amsa. Wasu mazan suna jin zoben lokacin saduwa, ko da yake yawanci ba ya damunsu. A gwaje-gwajen da aka yi, matan da suka daina zobe kafin shekara sun fi waɗanda suka daina robar mahaifa yawa. Ba ya kare mutum daga cutar ƙanjamau ko ciwon sanyi, kuma kada a rikita shi da wani zoben daban mai suna dapivirine da ake sawa don rigakafin ƙanjamau, wanda shi kuma ba ya hana ciki. Sannan idan yaro ya shekara, ko ya rage shan nono, dole uwa ta koma wata hanyar. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin da yake nunawa shi ne zoben gada ce ta shekarar farko, shekarar da kwanika ta fi yin ɓarna a cikinta.

Akwai kuma masu cewa asibitocin karkara ko allura da ashana ba sa samu a kai a kai, to me zai sa a ƙaro sabon kaya da kuɗin waje? Damuwarsu tana kan hanya, musamman yanzu da tallafin ƙetare ya ja baya. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, amma kyauta ba ta da amfani idan kwali ya zama wayam. Amsata ita ce gyara hanyar kawo kaya wajibi ne ko da zobe ko babu, kuma ƙarin zaɓi ba ya gasa da tsofaffin hanyoyi. Nazarin da aka yi kan ƙasashe masu yawa cikin shekaru kusan talatin ya nuna cewa duk lokacin da sabuwar hanya ta isa ga jama'a sosai, yawan masu amfani da tazara gaba ɗaya yakan ƙaru, domin takan jawo matan da babu ɗaya cikin tsofaffin da ta kwanta musu. Najeriya ta riga ta ga misali da allurar Sayana Press, wadda aka yarda mace ta koya ta riƙa yi wa kanta a gida. Idan an amince wa macen ƙauye ta soka wa kanta allura, babu hujjar cewa zoben roba ya fi ƙarfinta. Kuɗin zobe huɗu na shekara kuma sai a auna shi da kuɗin jinyar yaro mai tamowa, da na jinin da ake nema ido rufe ranar da haihuwa ta zo da gardama.

Abin da ake buƙata ba shi da yawa. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko su tuntuɓi Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NAFDAC kan hanyar shigo da zoben bisa ƙa'ida. A fara da 'yan cibiyoyi: Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, da Babban Asibitin Argungu, da wasu ƙananan asibitocin ƙauyukan da ke kewaye, don a ga yadda zai kasance a birni da karkara. Lokacin da ya fi dacewa a yi wa mace bayani shi ne ranar da ta kawo jariri rigakafin mako shida, wadda ta zo kusan daidai da fitar arba'in, lokacin da mai jego ke gama wanka ta koma ɗakinta. Ma'aikaciya mace ta nuna mata zoben, ta ba ta ta riƙe ta matsa, ta jera mata shi tare da allura da ashana da roba da ƙwaya, ta bar ta ta zaɓa ko ta ƙi. A koya wa ungozomomi, tunda ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A kai maganar majalisun maza ta bakin limamai da hakimai, domin abin da aka yi da yardar maigida ya fi daɗewa, ya kuma fi kawo zaman lafiya. Bayan shekara ɗaya a fito da sakamako a fili, da Hausa, a gidan rediyo: mata nawa suka karɓa, nawa suka daina, kuma saboda me.

Idan sakamakon ya nuna matan Kebbi ba sa so, an huta, an kuma girmama su da aka tambaye su. Idan kuwa ya nuna suna so, to za a samu yara da yawa da za su sha nononsu har lokacin da aka ɗibar musu, a yaye su suna gudu da ƙafafunsu, su tafi gidan kaka da ƙoshin lafiya, a dama musu kunun yaye cikin murna. Uwar kuma ta samu ta mayar da jininta, ta ɗaura zanenta da ƙarfi, ta karɓi ciki na gaba a lokacin da ita da mijinta suka shirya masa, da yardar Allah. Wannan shi ne abin da kakanninmu suka yi ta karewa da wankan gida da tsawon goyo, kuma hakkin jikokinsu ne a kawo musu duk wata hanya halattacciya da za ta taimaka su riƙe shi.